Ranar da Muka Ari Bakin Juna

Zaɓen da ya kawo mulkin kai ya same ni a Dubeli da goyon fari a baya. Maza suka sa manyan riguna suka tafi jefa ƙuri'a, mu muka dama musu fura. Maigidana ya dawo yana baza riga sai ka ce shi ya kori Bature da hannunsa. Na ce, "Mu fa?" Ya ce, "Tawa ta ishe mu, ai tukunyarmu ɗaya." Na ci gaba da damuna, amma na riƙe maganar.

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas, lokacin da komai sai an je Maiduguri, na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana. Aka yi dariya, na bar su da haƙoransu. Da aka raba jihar, Yola ta zama hedikwata, sai ga labari a rediyo: matan Arewa ma za su yi zaɓe. Gida gida na bi. Har wata Goggo da aka auro daga cikin Yola, wadda ko zaure ba ta leƙawa, sai da na fito da ita.

A makarantar firamare ake rajista, ƙarƙashin dalbejiya. Mai rubutun wani malamin makaranta ne daga kudancin Adamawa, mutumin kirki. Maza sun jeru a benci sun zo kallo, har da nawa. Muka sa Goggo a gaba don girmanta.

Malamin ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, "Mama, sunan miji naka?"

Goggo ta ja mayafi ta rufe baki. Ya sake tambaya, ta dubi ƙasa. Mace ta kama sunan mijinta, a gaban jama'a kuma? Ta bayanta ma haka, ta bayan wannan har ta juya za ta tafi. Ni kaina da ake ce wa mai baki, da na gwada a zuci, harshena ya ƙi ɗaguwa.

Daga benci wani ya ce, "Malam, naɗe tabarmarka! Mun faɗa, wannan ba harkar mata ba ce."

Malamin ya rufe biro. Ya ce shi ba zai ba da kati babu cikakken suna ba, in kuwa haka ne sai ya sanar cewa matan unguwar nan ba sa so.

Ba ma so? Jinina ya tafasa. Na ce, "Malam, dokar ta ce lalle daga bakin matar sunan zai fito?"

Ya ce a'a.

"To buɗe bironka. Mijin Goggo ba mijina ba ne." Na faɗi sunan tsohon tiryan-tiryan, da ƙarfi, yana zaune a bencin. Goggo ta gyaɗa kai a cikin mayafi. Aka rubuta.

Sai layi ya ɗauka. Kowace ta faɗi na maƙwabciyarta. Wata ta ce wa ta kusa da ita, "Adda, ki faɗa da kyau, kar ki manta da Alhajin, yanzu ya yi fushi!" Da aka zo kaina, mata uku suka yi rige-rigen ambaton maigidana, ɗaya har da laƙabin da abokan wasansa suke tsokanarsa da shi. Malamin ya tambaya ko a haɗa da shi. Na ce a bari, yau ranar afuwa ce.

Daga bencin sai tarin ƙarya.

Ya turo mini tawada in dangwala. Na ture ta, na karɓi biron, na zana sunana da kaina, a karkace amma nawa ne. Goggo ta ƙulle katinta a bakin zane, ta rangaɗa guɗar da tun bikin 'yarta ba a ji irinta ba.

A hanyar gida maigida ya yi gyaran murya. "To, wa za ki zaɓa?"

Na ce, "Malam, tukunya ce ɗaya. Ƙuri'a biyu ce."