Katin da Ba Shi da Rana

A kwamfutar shagona na Faskari akwai wani salon rubutu da nake ji da shi. Ka ce hannun mutum ne ya ja shi da alƙalami: ya ɗan kishingiɗa dama, babban baƙin farko ya yi lanƙwasa, na ƙarshe ya saki wutsiya siririya ta ratso ƙarƙashin suna. Ba na ɓata shi a allon mai shayi ko takardar haya. Na katin aure ne kawai, kuma ko wa ya roƙa ba na sauyawa.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, yayana ya zo daga wajen Sheme. Manomi ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, kuma ɗiyarsa ta fari zai aurar. Yarinyar nan a kafaɗata ta girma. Na daɗe ina cika baki cewa katinta sai an yi labarinsa har Ƙanƙara.

Na jera sunan amarya da na ango da ruwan zinare. Ya daɗe yana kallo, ya ce ya yi. Na ce to Yaya, rana da wuri.

Ya leƙa waje, ya rage murya. “Kada ka sa.”

“Haba Yaya, kati ba rana? Mutane su zo yaushe?”

Ya ce kati yawo yake, daga hannu zuwa hannu har tasha, kuma masu kai wa mutanen daji rahoto sun iya karatu. Taron biki suke jira. Can ya nuna wutsiyar baƙin da yatsa, ya ce ko zan ƙara murɗe rubutun, yadda sai namu ne za su gane. Na gwada, wallahi na gwada. Na murɗa har ni kaina na daina gane sunan yarinyar. Na ce Yaya, wanda zai karanta zai karanta, namu da ba namu ba. Raina ya ɓaci, ban kuma san da wa zan yi faɗa ba.

Haka na buga shi, sunaye biyu a sama, ƙasa fari fat. Ya ce da baki za a faɗi ranar, zai aiko mini. Na ɗinka shadda na rataye a shago.

Wata Talata wani direban da ke bin hanyar Sabuwa ya tsaya yi mini Allah sanya alheri. An ɗaura tun Juma'a, bayan sallar asuba, an kai amarya kafin hantsi.

Na kira Yaya a waya. Ya ce, “Ka yi haƙuri. Shagonka kowa na zama.”

Na ajiye wayar. Gaskiya ya faɗa, bencin ƙofar shagona ko a lokacin cike yake da mutane, kuma duk na san su.