Musun Inna da Yaya Sani a Kan Bam Ɗin Japan

A watan nan Inna ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, 'ya'yana kan tuna tuwonta, ko faɗan da take yi idan ta ga an bar murhu da toka. Ni kuwa bana abin da ya tsaya mini a rai shi ne musun da ta yi shekaru tana yi da babban wana, Yaya Sani, a kan bam ɗin da Amurka ta jefa wa biranen Japan guda biyu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin abin da ya haɗa mace mai sayar da ƙuli-ƙuli a unguwar Doka cikin Kaduna, wadda ba ta taɓa zama a ajin boko ba, da irin wannan magana. To, a gidanmu ba maganar littafi ba ce.

Mahaifinmu kafinta ne, amma har ya rasu Kofur ake kiransa. Watanni kaɗan bayan aurensu da Inna aka ɗauke shi soja daga ƙauyensu a ƙasar Zazzau, shi da wan Inna, Kawu Ɗanjuma. Aka zuba su a jirgin ruwa sai ƙasar Bama, inda Turawa ke gwabzawa da sojan Japan. Inna ta zauna gidan surukanta kusan shekara huɗu, ba wasiƙa sai jefi-jefi. Kawu Ɗanjuma bai dawo ba, ko inda aka binne shi ba wanda ya sani. Baba ya dawo. Ya ce bayan sun fito daga dajin Bama an kai su Indiya, ana koya musu yadda za su sauka daga kwale-kwale a bakin tekun wata ƙasa da ke hannun Japan. Ana cikin wannan shiri ne wata safiya baturensu ya tara su ya ce yaƙi ya ƙare.

Ina da shekara goma sa'ad da musun ya fara. Yaya Sani ya zo hutu daga kwalejin horon malamai. Bayan la'asar ne, muna tsakar gida muna mulmula ƙuli, Baba yana gefe yana gyaran ƙafar wani benci. Yaya ya buɗe wani littafin tarihi ya nuna mana hoton gari da ya koma fili, ba abin da ya rage a tsaye sai 'yan ganguna. Ya ce malaminsu ya ce ba a bukatar wannan aiki. Japan ta riga ta galabaita, an tare mata teku, abinci ya yanke, ga Rasha na dab da shigowa yaƙin. Ya ce ko da ma sai an tsorata su, me ya hana a jefa abin a inda ba mutane, su gani da idonsu?

Ya kamata in faɗi wani abu a nan. Yaya Sani ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta doguwar hira da shi, ba ta ma kallonsa sosai idan da mutane. Amma ran nan ta ajiye ƙulin da ke hannunta.

“Kai wannan,” in ji ta, “in sun gaji, me ya hana su cewa sun gaji? Ba baki gare su ba?”

Yaya ya ce manyansu na ta shawara ne, da an ɗan jira da sun miƙa wuya.

“A jira? Kai ka san jira? An jira, ɗan'uwana ya mutu. Da an ƙara jira wata uku, an saka wannan bawan Allah a kwale-kwalen nan, da wa zai haife ka har ka zo kana buɗe mini littafi?”

Sai duk muka juya wajen Baba. Inna ta tabbata zai goyi bayanta. Ya daɗe yana duba ƙusar da ke hannunsa, sannan ya ce ya ga fursunonin Japan a Bama, fata da ƙashi kawai, wasunsu ko gemu ba su fara ba. Ya ce wanda ya gan su zai ce yaƙi ya riga ya ƙare. Amma kuma ya ga waɗanda suka gwammace su mutu a rami da su ɗaga hannu, wanda ya ga waɗannan kuwa zai ce yaƙin ba zai taɓa ƙarewa ba. Don haka kada a tambaye shi.

Inna ta ce, “Malam, kai da aka ceto?”

Ya ce, “Ba a yi shawara da ni ba, Asabe. Da an tambaye ni ko a ƙona 'ya'yan mutane don in koma gida, ban san abin da zan ce ba. Na gode Allah da ba a tambaye ni ba.”

Inna ta kwana biyu ba ta sakin fuska da shi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Yaya ya zama malamin tarihi, ya yi aure, ya koma Kinkinau, amma duk ranar Juma'a idan ya zo gaisuwa, da wuya a rabu ba a taɓo Japan ba. Yakan zo da sabuwar hujja. Wata rana ya ce kwana uku kacal aka bari tsakanin bam na farko da na biyu, ina lokacin da mutane za su gane abin da ya same su? Inna ta ce wanda aka jefa wa irin wannan abu bai ajiye makami a ranar ba, ai shi ya ja wa mutanensa na biyun. Wata rana ya ce masana da yawa na ganin don a razana Rasha aka yi, ba don a ceci kowa ba. Ta ce ita ba ta san abin da ke zuciyar Turawa ba, abin da ta sani shi ne mijinta ya shigo zaure da ƙafafunsa. Sai da na girma na gane cewa wannan musu shi ne kaɗai hanyar da uwa da ɗanta na fari suka samu ta zama su yi awa guda suna magana ba kunya a tsakani. Ina zaton dukansu sun san haka.

Sau ɗaya na ga ta sassauta. Bayan rasuwar Baba ne, da hantsi, rediyo na kan taga. Aka sa wani shiri na tunawa da ranar da aka jefa bam ɗin, aka fassara maganar wata tsohuwa daga Hiroshima, birnin da aka fara jefa wa, da ta kwana tana yawo cikin gari tana neman 'yarta da ta tafi makaranta da safe. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta tambaye ni ko an ga yarinyar. Na ce ba a gan ta ba. Da Juma'a ta zo, Yaya ya shigo da hujjarsa a shirye, don shi ma ya ji shirin. Kafin ya buɗe baki ta ce, “Ban taɓa ce maka daidai ba ne. Na ce na yi murna. Kuma ba zan zauna ina tsufa in yi maka ƙarya in ce ban yi ba.”  Yaya ya sha kununsa, suka koma zancen rufin ɗakinta da ke yoyo.

Shekara da shekaru ina ɗaukar kaina a ɓangaren Yaya. Na yi koyarwa shekara talatin, na karanta abin da ya karanta, kuma har yau idan aka ce in auna hujjoji a takarda, nasa sun fi nauyi a wurina. Sai bara Allah ya gwada ni.

Ɗana Bashir yana dawowa daga ɗaurin aure 'yan bindiga suka tare motarsu, suka shige da su daji. Ya yi mako bakwai a can. Ba zan ba da labarin waɗannan makonni ba, duk uwar da ta shiga ta sani, wadda ba ta shiga ba Allah ya tsare ta. Abin da zan faɗa shi ne na koyi abin da Inna ke nufi da jira. Aka sako shi, ya dawo da ƙafafu a kumbure, ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu.

Bayan ya ɗan murmure, wata rana da rana muna zaune ni da shi da maƙwabta biyu da suka zo barka, sai jirgin yaƙi ya taso daga wajen Mando ya wuce ta kanmu. Ban san lokacin da na ce ba: “Allah ya sa dajin nan za su. Su ƙone shi ƙurmus, kada su bar ko tsuntsu.” Maƙwabtan suka ce amin. Bashir bai ce ba. Sai da suka tafi ya ce, “Umma, mutum tara na baro a wurin. Akwai wata mata da goyo. Kuma garin da suke tilasta wa kawo mana ruwa, manoma ne kawai, ba su da inda za su.” Na ce to haka za a zuba ido, gobe su ɗauki ɗan wata? Ya ce shi ma bai ce a zuba ido ba. Ya ce yana so a gama da 'yan bindigar fiye da yadda nake so. Amma idan aka ce ya nuna wurin a taswira don a saki wuta, bai san ko hannunsa zai iya ba.

Na kalle shi, na ji kamar Baba ne ke magana, shi da bai ma san kakansa ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina me Inna za ta ce da tana nan. Me za ta ce da ta ga jikokinta suna kallon yaƙe-yaƙen duniya a waya, ana ambaton makaman ƙare-dangi kamar ana zancen farashin masara? Me za ta ce da ta ji yadda ake musu a kasuwa da cikin keke-napep, wasu na cewa a share daji gaba ɗaya, wasu na cewa akwai bayin Allah a ciki? Ina jin da za ta tsaya tare da ni ranar da jirgin ya wuce, har ta fi ni zafi. Amma ina jin kuma ba za ta bar ni in ce abin da na faɗa adalci ba ne. Za ta ce in kira shi da sunansa: zafin uwa ne.

Na kai wa Yaya Sani labarin. Yanzu ya tsufa, ido ya yi rauni, jikarsa ke karanta masa jarida. Na ɗauka zai yi mini lacca. Sai ya ce shi har gobe yana kan bakansa, bam ɗin nan bai zama dole ba. Amma ya ce duk shekarun da ya yi yana musu, bai taɓa jiran kowa ba, mu kuwa mun jira. Sannan ya ba ni wani labari da ban taɓa ji ba, wanda gwaggonmu ta ba shi.

Ranar da Baba ya dawo ƙauye, mata suka cika gida, wata ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa. Inna ta riƙe mata hannu. A gidan da ke jikin nasu akwai wata mata, Ladi, wadda aka tafi da mijinta rana ɗaya da Baba, shi kuma bai dawo ba. Inna ta ce ba za a yi guɗa Ladi na ji ta katanga ba. Ta zuba abincin da aka dafa wa mijinta a kwano, ta yafa mayafi, ta bar shi zaune da baƙi, ta tafi ta zauna da Ladi har rana ta yi sanyi. Sai bayan nan ta dawo ta gaishe da mijin da ta yi shekara huɗu ba ta gani ba.

Ban san ko wannan ya warware musun ba, ina jin bai warware ba. Masana za su ci gaba da nasu, wasu su ce bam ɗin ya ceci rayuka, wasu su ce an yi kisan da ba dalili. Abin da ya rage mini na Inna ba hukunci ba ne a kan Japan. Ta yi murna, ta ƙi ɓoye murnar, ta kuma ƙi yin ta a kunnen wadda aka bari da kuka. Japan ta yi mata nisa, amma Ladi na bayan katanga, kuma ta je.

Matar nan mai goyo da Bashir ya baro, har yau ba a sako ta ba. Mun bincika, mahaifiyarta na nan cikin Kaduna, ba nisa da mu. Na yi wata uku ina jin nauyin zuwa, don ban san da wace fuska uwar wanda ya dawo za ta shiga gidan ba. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tuƙa tuwo, Bashir ya ɗauki kwanon, muka je. Mahaifiyar matar ba ta tambaye ni komai ba. Ta kama hannun Bashir ta ce ya faɗa mata ko jaririn yana samun nono, shi kuwa ya zauna a ƙasa gabanta ya fara ba ta labari.