Masu Zawarcin Rediyon Arvo

Darlene Lahti ba ta taɓa ɗaukar rediyo a bakin komai ba sai bayan da mijinta ya rasu. A garin masu haƙar tama aka haife ta, can arewacin Minnesota. Ubanta yana tuƙa jirgin ƙasan da ke fito da jan dutse daga rami, uwarta tana wanki a asibiti. Da ta gama sakandare ta shiga masana'antar ɗinki, ta yi shekaru tana ɗora kwala a wuyan rigunan maza har aka rufe wurin. Daga nan ta koma kicin ɗin makarantar firamare, tana zuba wa yara dafaffen wake da karas, tana kallonsu suna juyewa a kwandon shara. Mace ce gajera, kakkaura, mai zafin nama, wadda ba ta iya barci idan akwai kwano ɗaya da ba a wanke ba. Sai Allah ya haɗa ta da Arvo.

Arvo ma'aikacin lantarki ne a mahaƙar, mutum mai sanyin jiki wanda idan ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya yi nazari kafin ya dubi agogo. 'Yarsu ɗaya, Kristin. Suna zaune lafiya lau har ranar da ya dawo daga gwanjon kayan wani mamaci da rediyo a bayan mota, shi da wasu ƙarti biyu suna nishi.

Rediyon ya kai ƙirjin Darlene a tsayi, akwatinsa na katako mai duhu, an ƙera shi tun kafin yaƙin duniya na biyu. A cikinsa akwai ƙwayayen gilashi a jere, kamar ƙwan lantarki, waɗanda sai sun ɗauki zafi sun yi ja kafin rediyo ya buɗe baki. Wannan kam bai buɗe ba, don ɓeraye sun daɗe da tara zuri'a a ciki. Arvo ya ce kafin Kirsimeti zai yi magana. Bai dai faɗi ta wace shekara ba.

Ya zare kayan cikin ya shimfiɗa su a tebur a ɗakin ƙasa, akwatin kuma ya kafa shi a falo ya lulluɓe da bargo don kada rana ta taɓa shi. An hana Darlene ɗora ko tukunyar fure a kai. Haka aka yi shekara ashirin da 'yan kai.

Ba lalaci ba ne ya riƙe Arvo, aƙida ce. Yana cikin ƙungiyar masu tsofaffin rediyo da ke taro a ɗakin ƙasan coci, kuma ƙungiyar ta daɗe da rabuwa gida biyu a kan wasu 'yan ƙananan kayan riƙe wuta, na takarda da kakin zuma, waɗanda tsufa ke kashewa. 'Yan asali sun ce haramun ne a saka wa tsohon rediyo abin da ba na zamaninsa ba. 'Yan ɓoye sun ce a ƙwaƙule cikin tsohon, a cusa sabo, a liƙe da kaki, ba mai sani. An yi shekaru kowane ɓangare yana zama a nasa gefen tukunyar gahawa. Arvo ɗan asali ne na gidi, saboda haka ya zauna jiran kayan da suka girme shi kuma har yanzu suna da rai. Yakan sami ɗaya a shekara idan an yi sa'a.

Ya rasu a watan Nuwamba, yana zaune a kujera da takalmi ɗaya a ƙafa. Bayan jana'iza, matan coci suna raba gahawa da burodi, shugaban ƙungiya Duane Halvorsen ya zo ya riƙe hannun Darlene da hannu biyu. Tsohon ɗan inshora ne, dogo, mai muryar da ta saba da gidajen makoki. Ya ce rashin Arvo rashi ne na kowa. Ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ta a hankali ko ɗakin ƙasanta yana yin danshi.

Daga ranar ta'aziyya ba ta yanke ba. Mutanen da ba su taɓa sanin launin idonta ba suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tiren gasasshen dankali da niƙaƙƙen nama, kowa ya zauna a falo yana yi mata magana yana satar kallon bargo. Kowannensu kuma, kafin ya tashi, sai ya tuna cewa marigayi ya taɓa ja shi gefe ya ce idan ta Allah ta kasance, shi yake so ya riƙe rediyon. Darlene ta yi mamakin yadda mutumin da bai cika jimla biyu a yini ba ya bar wasiyya a kunnuwa har bakwai.

Da farko ta so ta kore su. Amma wata safiya ta leƙa taga ta ga dusar ƙanƙara ta rufe hanyar mota har gwiwa, ga wani tsoho ɗan asali yana kwashewa da shebur, ga wani ɗan ɓoye ya iso da injinsa na kwashe ƙanƙara yana cewa a ba shi wuri. Ta koma ta ɗora gahawa. Daga nan amsarta ga kowa ɗaya ce: zuciyarta ba ta kwanta ba tukuna, a bari sanyi ya wuce. Kafin sabuwar shekara an canja mata famfon kicin, an share bututun hayaƙi, an kai ta Duluth wajen likitan ido an dawo da ita.

Kristin ta bugo waya daga Minneapolis ta ce, “Mama, wannan fa zalunci ne. Mutanen nan duk masu ciwon zuciya ne.”

“Ni na kira su? Ubanki ne ya yi musu alkawari, su je su tambaye shi.”

Mutum ɗaya ne bai zo da wasiyya ba, Gordie Prelesnik, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa manyan motocin rami har kunnensa ɗaya ya mutu. Ɗan ɓoye ne. Ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa Arvo ya gwammace ya ƙona rediyon a kan ya bar masa shi, shi burodinta mai kanumfari ne ke kawo shi, sai kuma ɗan kallo idan an yarda.

Wata rana a Janairu ta sauka ɗakin ƙasa ɗauko kwalbar tsamin kokwamba, ta tsaya a gaban teburin Arvo. Komai a jere, kowane ƙusa a cikin nasa murfin kwalba, taswirar wayoyi manne a bango ta yi rawaya. Ta zaci kuka zai zo mata. Haushi ne ya zo, haushin aikin da aka fara aka bari. Da Gordie ya zo ta tambaye shi tsakani da Allah aikin nan na kwana nawa ne. Ya shafa ƙeya ya ce idan mutum ba ya jin kunyar jama'a, kafin bikin Ista ya gama. Ta ce kunyarta ta ƙare tun a kicin ɗin makaranta.

Gordie ya koya mata narka dalma da karanta taswira. Hannun da ya saba da kwala bai sha wahalar wayoyi ba, amma kunnenta bai saba da jin gargaɗi ba. Ya gaya mata babban gwangwanin da ke cikin kayan rediyon yana riƙe wuta ko an zare fulogi, ta ce ta ji, washegari ya watsar da ita kan kwandon wanki. Ta yi odar sabbin kaya, suka zo jajaye-jajaye kamar alewar yara. Gordie ya roƙe ta ta bari ya ɓoye su a cikin kwanson tsofaffin, ko don mutunci. Ta ce ta yi shekaru tana ɓoye alayyafo a cikin abincin 'ya'yan mutane, ta gama ɓoye-ɓoye a rayuwarta.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Ta juya kan wani abu ƙasa, da aka ba shi wuta ya fashe kamar bindiga, hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen kifi ya cika ɗakin. Gordie ya ɗago kai ya tambaya ko ƙofa ake bugawa.

Ranar gwaji na biyu labari ya riga ya zaga. Motoci suka cika layin, tsofaffi suka cika falon, 'yan asali a wajen taga, 'yan ɓoye a wajen ƙofa. An mayar da kayan cikin akwati, an yaye bargo. Duane ya sa tabarau ya leƙa ta baya, ya ga jajayen alewar nan a jere, fuskarsa ta yi kamar ta wanda ya tarar an shafa wa gawar kakansa jan baki. Amma ya daure. Ya juya ya kwantar wa mutanensa hankali da cewa duk abin da dalma ta liƙa dalma na iya cirewa, muhimmin abu shi ne katakon, kuma katakon yana nan yadda masu shi suka shafe shi.

Darlene ta murɗa makunni. Shiru. Can sai ƙwayayen suka fara ja, wani gurnani ya taso daga ƙasa, sai ga muryar wani mutum cike da falon, mai kauri da ɗumi kamar yana tsaye a bayan labule, yana tallar tayoyin sanyi. Bayansa aka saki kiɗan polka na ranar Lahadi. Ta tsaya a gaban rediyon ita kaɗai, hannunta a kan katakon da ke rawa, tana tunanin Arvo ya kwana da abin nan a gida rabin aurensu bai taɓa jin muryarsa ba. Wannan karon idonta ya kawo ruwa. Ba wanda ya gani, don duk mazan sun cusa kawunansu tsakanin rediyo da bango suna kallon ƙwayaye. Can Duane ya leƙo ya roƙe ta ta rage ƙara, suna tattauna muhimmiyar magana.

Da ƙanƙara ta fara narkewa masu wasiyya suka ƙara matsa lamba, Duane kuma ya ga lokaci ya yi da zai bi ta wata hanyar. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ya zo wata Laraba da taye a wuya da furanni a hannu, ya zauna ya yi dogon bayani a kan kaɗaici, da tsadar ɗumama gida biyu, da yadda gidansa yake da ɗaki mai iska daidai, ba zafi ba danshi, rana ba ta shiga. Darlene ta saurara har ya kai aya.

“Ranka ya daɗe, shugaba, ɗakin nan nawa ne ko na rediyon?”

Duane ya yi murmushi irin na sayar da inshora. “Haba Darlene, ai ba a raba ku.”

Ta ce ya ba ta lokaci, ya dawo bayan Ista.

Ba ta shawarci kowa ba, har Gordie. Ta sa maƙwabta suka tura mata rediyon kicin, inda take yini. A nan ta ga duhun katakon bai dace da komai ba, ya tsaya kusa da firiji kamar akwatin gawa da aka jingine. Akwai ragowar fentin da ta shafa wa kabad, ruwan ƙwai mai haske. Ta goge katakon da takardar yashi, ta yi masa shafi biyu, ta bar shi ya bushe, ta ɗora tukunyar fure.

Da Duane ya dawo ta kai shi kicin kai tsaye. Ya tsaya cak a bakin ƙofa yana kallon rediyon. Sai da ta jawo masa kujera ta ba shi ruwa. Ya sha, ya tambaya ko fentin mai ne ko na ruwa. Ta ce na mai, mai kama jiki. Ya tashi ya ɗauki hularsa, bai sake tayar da maganar kaɗaici ba, ta'aziyyar sauran ma ta ƙare a makon. An ce a taron da ya biyo baya 'yan asali da 'yan ɓoye sun zauna a tebur ɗaya karo na farko, sun yi shiru na minti ɗaya, kuma wasu sun rantse shirun ya fi wanda aka yi wa Arvo tsawo.

Darlene ba ta bar dalma ba. Mutanen gari suka fara kawo mata rediyon kakanninsu, don an ji ita tana mayar wa mutum kayansa yana da rai. Ba duka take ci ba. Na matar fasto ya kama wuta a kan teburin cin abinci, har yau gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu. Ta nemi shiga ƙungiya, aka kafa kwamiti ya duba, kwamitin yana nan yana dubawa.

Yanzu ta haura saba'in, idonta ya fara rauni, tana aiki da madubin ƙara girma rataye a wuya. Gordie yana zuwa duk Asabar. Ya gaya mata sau ɗaya cewa abin da ta yi wa katakon nan Allah ne kaɗai zai yafe mata, bai sake maimaitawa ba. Idan ya shigo kicin yakan ja kujera ya juya wa rediyon baya, ya yanki burodi, ya karkato da kunnensa mai ji, ya ce ta ƙara murya an fara wasan hoki.