Muryar da Muka Je Nema a Bunkure

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano a tsohuwar fijona, ni da abokin aikina, wani ɗan Masar mai koyar da lissafi a makarantarmu. Saboda yayarsa muka yi tafiyar. A ƙasarsu tauraruwar fim ce tun tana budurwa, har ta kai ana rufe shaguna ranar da za a haska sabon fim ɗinta. Rana tsaka ta daina, ta bi finafinanta tana saye tana ƙonawa. Bara ta rasu, ko kaset ba ta bar masa ba. Sai muka ji labarin wani tsohon mai haska fim a silima, wai ya koma ƙauyensu wajen Bunkure da fim ɗinta guda. Muryarta kawai abokina yake so ya sake ji.

Titin Zariya lafiya lau har Kura. Muna sauka daga kwalta motata ta fara tarin da ta saba. Ga tumatur jibge a bakin hanya yana ruɓewa, kwandon ma ya fi abin cikinsa tsada. Muka karya da gurasa. Abokina yana ci yana hawaye, ya ce yaji ne, na bar shi a haka.

Muka bi gefen kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan dam gonaki, alkama koriya shar hagu da dama. A ƙauyen kuwa gindin kowace katanga a jiƙe yake, wasu ɗakunan sun zube. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Tsohon ya shimfiɗa mana tabarma da murna.

"Malam, kaya na nan. Tsoron gobara da ɓarayi ya sa na binne su cikin tukunya a ƙasan ɗakina, yadda iyayenmu suke yi."

Ashe tun kafin a kawo ruwan dam ya binne. Fartanya na shiga sai caɓi. Gwangwanayen da fim ɗin ke ciki sun yi tsatsa, fim ɗin ya narke ya manne, sai wari. Abokina ya ɓanɓaro ɗan guntu ya ɗaga wa rana. Hannun mace kaɗai ya rage a jiki.

Tsohon ya zauna daɓas. "Wallahi ban taɓa tonowa ba, don kada ya lalace."

Abokina ya dafa shi, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ba komai, Baba. Haka take so."

Ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci guda kamar ranar ba.

Mun shigo Kano da magariba. Tafiyar ta koya mini cewa abin da ka ɓoye ba ka dubawa, ka riga ka rasa shi. Da na sauke shi a ƙofar gidansa ya ciro guntun daga aljihu ya ɗaga, amma hasken ya riga ya tafi.