Gawon da ya danne makiyayi a hanyar Kiyeshe

Ko zan manta komai na zamanin Nasara, ban da ranar da gawo ya danne wani makiyayi a hanyar Kiyeshe. Lokacin ina cikin ma'aikatan gyaran hanya na Dogon Dutsi, dab da samun 'yancin kai, kuma ni aka koya wa aiki da zarton inji, abin da mutanenmu ba su taɓa gani ba.

Farkon damina ne, an yi iska mai ƙarfi. Tana lafawa sai ga mutane a guje, wai gawo ya faɗi kan wani Bafulatani da ya fake a gindinsa. Mun iske babban reshe ya danne masa ƙafa, ya galabaita, sai salati yake. Masu gatari sun gwada, amma kowane sara sai icen ya ƙara nutse masa.

Wansa ya riƙe min hannu. "Don Allah malam, yanke nan, kusa da ƙafar!"

Jama'a suka ɗauka, kowa na nuna wurin. Ni kuwa da na zagaya sai na ga duk nauyin gawon kan reshen nan yake. In na taɓa shi, gungumen zai mirgino kan ƙirjin mutumin. Na ce, "Yaya, yi haƙuri. In na bi taka, gawa za mu ɗauka."

Na tuɓe riga kada sarƙar injin ta kama ta. Na sa aka kori kowa nesa, aka tokare gungumen da duwatsu. Wani dattijo yana ta faɗa, wai tsoro nake ji. Tsoron kam akwai shi, har yau ba na musu. Na kafa ƙafafuna, na damƙe zarton da hannu biyu, na bi ƙananan rassa ɗaya bayan ɗaya har nauyin ya ragu, sannan na yanke babban. Sai da na kashe injin kafin na ce su matso. Suka ɗaga reshen, suka zare makiyayin da ransa.

Ƙafar ta karye, amma ta ɗoru. Da kaka ya tako har Dogon Dutsi yana ɗan ɗingishi, ya kawo min ƙwaryar nono.

Na yi shekaru ina wannan aiki, ga yatsuna nan duka, kuma ba wanda ya taɓa jin ciwo a hannuna. Tun ranar na gane, mai riƙe da zarto idonsa zai bi, ba ihun jama'a ba. Sauri ya haifi nawa, wani lokacin ma har da jana'iza.