Kaset ɗin Yaya a Hanyar Jumum

Shekarar da na samu aikin koyarwa, ba a cikin Makka aka ajiye ni ba. Wata makarantar 'yan mata aka tura ni, a wani ƙauye can bayan Jumum. A lokacin mata ba sa tuƙi, Baba kuwa ƙafafunsa sun fara ba shi wahala, sai nauyin kai ni da ɗauko ni ya faɗo kan yayana, wanda yake tuƙa tasi a unguwar Hindawiyya. Bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi, "Da sharaɗi. Motata ce, abin da na ga dama shi za a ji."

Na ɗauka labarin ƙwallo yake nufi.

Bayan sallar asuba muke fita. Ya tsaya wajen mai burodin tamis a bakin layinmu, ya sayo mana da zafinsa, ni kuma ina riƙe da fulas ɗin shayin da Inna ta haɗa mana. Muddin muna cikin gari, tashar karatun Alƙur'ani ce a kunne. Sai mun wuce Tan'im, inda iyakar Harami ta ƙare, sannan zai miƙa hannu ya ɗauko kaset. Bai taɓa kunnawa a cikin iyaka ba, kuma ba wanda ya kafa masa wannan doka. Shi ya kafa wa kansa.

Wasu Turawan Ingila ne masu kiɗan da ake kira rok, amma Yaya ya ce nasu ba irin na hayaniya ba ne. Wani bakanike ɗan Filifin da yake gyara masa mota a Jidda ne ya fara ba shi, daga nan ya bi sawunsu har ya tara kusan duk abin da suka fitar. Waƙa ɗaya takan cinye gefen kaset gaba ɗaya. Ranar farko na ji sarewa ita kaɗai, can jita ta shigo a hankali, sai wani sauti mai kauri kamar iska a cikin bututu, aka yi ta tafiya babu muryar mutum. Da na gaji na ce, "Yaya, wai yaushe za a fara waƙar?"

Ya ce, "An fara tun ɗazu, Malama. Ke ce ba ki iso ba."

Turanci nake koyarwa, don haka wata rana ya ce in fassara masa abin da mawaƙin yake faɗa. Na kasa kunne iya ƙoƙarina. Na ce masa akwai kogi, akwai wani mutum da ya hau dutse yana hangen garinsu, sai kuma wani jirgin ruwa da ban gane abin da ya kawo shi ba. Ya yi dariya ya ce, "Kalas, bar shi. Na fi gane shi kafin ki fassara."

Ban san ranar da kiɗan ya shige ni ba. Na dai wayi gari na san inda ganguna za su sauya taku, na san wajen wane gidan mai sarewar za ta dawo. Akwai wurare a cikin waƙoƙin da komai yake lafawa, ya rage ɗan sauti siriri, kuma a irin wuraren ne Yaya yake magana. A gida shi ba mai magana ba ne, ya ci abinci ya tashi. Amma a motar nan, idonsa a kan titi, na ji abubuwan da ko Inna ba ta sani ba. Na ji cewa ya so karatun gyaran jiragen ruwa, ya bari lokacin da shagon Baba na Jarwal ya daina tafiya. Na ji labarin wata yarinya 'yar maƙwabtanmu da iyayenta suka koma Sudan da ita. Da zarar ganguna sun dawo sai ya yi shiru, ni ma ba na tambaya. Washegari, in an zo wannan wurin, wani lokaci ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Inna ta taɓa tsintar ɗaya daga cikin kaset ɗin a aljihun rigarsa tana shirin wanki. Ta juya shi, ta kalli zanen da ke jiki, ta ce, "Wannan kuma wane malami ne?" Yaya ya ce, "Na hanya ne, Inna." Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ajiye masa a kan taga. Ba ta sake tayar da zancen ba.

A shekarata ta ƙarshe a ƙauyen, ya dawo daga Jidda da sabon kaset ɗinsu a cikin leda, bai buɗe ba sai da muka hau hanya tare. Abin da ya fito ya ba mu mamaki. Waƙoƙin gajeru ne, kowace da amshinta, gangunan kuma na inji ne, bugu ɗaya daga farko har ƙarshe. Sarewar sau ɗaya ta leƙo ta koma. Babu wurin da kiɗan yake lafawa. Muka ji gefe guda, ya juya, muka ji ɗayan, har muka hango katangar makaranta.

Ya ce, "Sauri suke yi. Kamar sun bar fasinja a mota."

Ni akwai waƙa ɗaya a ciki da ta yi mini daɗi, ina rera amshinta a zuci ina rubutu a allo. Na faɗa masa, ya ce to ai shi ke nan, ni suka yi wa. Yakan saka mini ita jefi-jefi, amma a ranakun ba ma hira.

Ƙarshen shekarar aka dawo da ni wata makaranta a cikin Makka, inda nake zuwa da ƙafa. Kowa ya taya ni murna, har da ni kaina. Ba a jima ba Yaya ya yi aure ya koma unguwar Zahir, ni ma na yi nawa. Ba mu yi faɗa ba, ba mu yi nisa ba. Muna haɗuwa ranar Juma'a a gidan Inna, mu gaisa, ya tambayi yara, in tambayi aiki. Sai dai wancan mutumin na cikin mota ban sake ganinsa ba. Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Yaya ya sauya mota sau da dama, har aka kai ga waɗanda ba su da wurin saka kaset. Na taɓa tambayar matarsa inda kaset ɗin suke, ta ce ba ta taɓa sanin yana da su ba.

Da aka ba mata izinin tuƙi na je na koya, da furfurata. Shi kuma ciwon suga ya taɓa masa ido, ya ajiye tasi. Likita a Jidda yake yi masa allura a idon lokaci-lokaci, ɗansa ne yake kai shi. Kwanakin baya ɗan ya yi tafiyar aiki, sai na ce ni zan kai shi.

Ana gobe za mu tafi na nemi mawaƙan nan a waya, don in samo tsofaffin waƙoƙin. Sai na tarar ashe sun fitar da sabon faifai bayan dogon shiru. Na ga hotonsu, tsofaffi tukuf, kuma ba su cika ba. Ban saurara ba. Na ajiye shi sai mun hau hanya.

Da safe na ɗauke shi a ƙofar gidansa. Ya zauna a gefena, ya lalubi bel ya ɗaura, yana ta yi mini gargaɗi a kan manyan motoci. Da muka wuce Shumaisi, inda iyakar Harami ta ƙare ta hanyar Jidda, na kunna. Fiyano ne ya fara, a hankali ƙwarai. Gangunan na hannun mutum ne, an daina na injin, amma ba su da ƙarfin da. Da muryar ta shigo sai da na kalli wayar don in tabbatar mawaƙin nan na da ne. Ta yi ƙasa, ta dushe, yana jan numfashi a tsakiyar baiti.

Yaya ya juyo da kunnensa wajen sifika. Ya ce, "Su ne?"

Na ce, "Su ne. Sabo ne."

Ya saurara ya saurara, sannan ya ce, "Ina mai sarewar?"

"Ya rasu, Yaya. An daɗe."

Ya gyaɗa kai. Can aka zo wani wuri da kiɗan ya lafa, dogon wuri, babu komai sai fiyano da ƙarar tayoyinmu. Na rage gudu ba tare da na yi niyya ba. Na riƙe sitiyari ina jira. Na ji ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Sai ya ce, "Ki koma layin dama, mafitar asibitin ba ta da nisa." Akwai sauran tafiya sosai kafin mafitar, amma na koma.

Ba mu kai rabin faifan ba muka isa. A dawowa idonsa ɗaya a rufe da bandeji, kansa yana sarawa. Na kai hannu zan kunna, ya ce, "Bari tukuna. Wannan ba a jin sa da ciwon kai. Sai wani zuwan." Ya jingina da kujera ya yi barci har Zahir. Matarsa ta fito ta kama hannunsa, ta ce in shigo in ci abinci, na ce yara suna jira na.

Har yau ban ji sauran ba. Yana nan a wayata inda muka tsaya. Allurarsa ta gaba bayan azumi ce, matarsa ta ce ɗan zai nemi hutu a wurin aiki ya kai shi. Na ce mata kada ya wahalar da kansa, ba ni da komai a ranar.