Ranar da Inna ta yaye buhun banda

Shekaru sun goge abubuwa da yawa daga kaina, amma ranar da wata Hajiya ta taso takanas daga Abuja don ta tabbatar ko mu 'yan damfara ne, wannan kam ko na tsufa haƙora sun zube ba za ta fita daga raina ba.

Mu mutanen bakin dam ɗin Tiga ne, ta ɓangaren Bebeji. Iyayenmu na cikin waɗanda ruwa ya ci garinsu aka dawo da su nan, suka koyi sana'ar su ba don sun gada ba. Yayyena maza ke shiga ruwa, mahaifiyarmu kuma, da muke kira Inna, ita ke banda: tarwaɗa, karfasa, wani lokacin har ragon ruwa. Da na gama makaranta na zauna ba aiki, sai na fara tallata kifin ta waya, ina aika wa ƙawaye da ƙawayen ƙawaye a Kano. Abu ya ɗan fara motsi. Nan wata ƙawata ta ce in daina wasa, in buɗe shafin intanet kamar na manyan kamfanoni, ai mijinta yana da shagon kwamfuta a Kwanar Dangora.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Ko gaisuwa aka yi mini da fara'a mai yawa, sai na tambayi kaina me ake nema a wurina. Don haka da mijin nata, malamin kwamfutar, ya fara jero mini abin da yake buƙata, wai hoton kifinmu, hoton inda ake banda, sunan garinmu, har da kwatancen gida, sai na kalle shi sama da ƙasa.

"Malam, kifi za a saya ko gidanmu?"

Ya yi dariya ya ce, "Malama, mai saye daga nesa ba ya jin ƙamshin kifi. Abin da ya gani a shafi da shi zai auna ki. In bai ga komai naki ba, da me zai yarda?"

Maganar ta ɗan shige ni, amma da na kai wa Inna sai ta rushe. A gidanmu idan banda ta cika, da buhu ake rufe ta ruf. Ko maƙwabciya ce ta yi sallama, kafin a amsa an ja buhun. Inna ta yi imani da bakin mutane: wani ya ga kifi tuli ya ce "kai!" bai ce tubarkalla ba, gobe sai ka ga ƙwari sun shiga kifin, ko koma ta fito wayam. Yayyena ma ko kwalekwale ya cika maƙil, ka tambaye su yaya ruwa, amsar ba ta wuce "an samu na miya."

"Duniya kaf za ta kalli bandata?" in ji Inna. "Mutum nawa ne a cikinsu zai tuna ya ce tubarkalla? Ba da ni ba."

Gaskiya ban ja da ita ba, domin ni ma ban so a san gidanmu. Na koma na ce wa malamin ya san yadda zai yi. Ya yi ta gargaɗi, da ya ga ba na ji sai ya kwaso hotuna daga intanet: kifi jere a kan farin faranti, an yanka lemon tsami an kewaye shi. A wurin adireshi ya rubuta "Kano, Nijeriya" kawai. Shafin ya yi kyau, ba ƙarya. Na yi ta buɗe shi ina kallo ina jin kaina a sama. Inna ko leƙawa ba ta yi ba, ta ce abin yara ne.

Ba a jima ba wata mata ta fara turo mini saƙo. Ta ce ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu girkin biki a Abuja, kuma suna neman inda za su riƙa samun bandar kifi a kai a kai. Sai dai tambayoyinta sun yi yawa. Da wane itace kuke banda? Wane gari kuke? Wa ke kamo kifin? Ni kuma na riƙa ba ta amsa guntu-guntu, a raina ina cewa wannan ko dai 'yar damfara ce, ko dillalan da muka daina sayar wa ne suka turo ta. Rannan sai ga saƙon murya, murya a dake:

"Yarinya, ni 'yar masunta ce. Kifin da ke shafinki kifin teku ne, bai taɓa shan ruwan Tiga ba. An sha cutar matanmu da irin wannan shafi. Ko dai in ga kifinki da idona, ko in sanar da ƙungiyarmu da duk wanda na sani cewa shafin nan na damfara ne."

Na san yadda irin wannan shela ke yawo daga waya zuwa waya. Idan ta fita, ba Abuja kawai ba, har 'yan Kanon da suka saba saye a wurina sai sun gudu, kuma babu wankin da zai fitar da wannan tabo. A gefe guda kuma ga labaran da ake ji na masu zuwa da sunan ciniki alhali gida suke dubawa. Na kai wa babban yayanmu maganar. Ya ce in ce mata ta zo, amma ta tsaya a tasha, shi zai fara kallonta daga nesa kafin ya nuna kansa.

Haka aka yi. Daga baya ya ba mu labari cewa ya daɗe a rumfar mai shayi yana leƙenta, ita kuma tana cikin mota gilashi a rufe tana leƙen duk wanda ya gifta. Da ya gamsu cewa daga ita sai direbanta, wani dattijo, sai ya hau babur ya yi musu jagora. Bayan azahar suka iso.

Mace ce mai jiki, ba ta da yawan fara'a. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida. Na kawo ruwa a kwanon sha na durƙusa na ajiye. Ta ce ta gode, ta zaro gorar ruwanta daga jaka ta kurɓa. Na ji abin har cikin raina. Wato mu take tsoro? Ni da na ɓoye wayata a ƙarƙashin filo saboda ita!

"Inna, kifi na zo gani," in ji ta.

Inna ta shiga ta fito da 'yan tarwaɗa a faifai. Hajiya ta juya su, ta sunsuna, ta mayar.

"Kifi ne mai kyau. Amma kowa zai iya sayo cikin faifai a kasuwa ya nuna mini. Banda nake son gani." Ta nuna bayan ɗaki da baki, inda hayaƙi ke fita ta ƙarƙashin buhu.

"Ba a buɗe wa baƙo banda a gidan nan," in ji Inna, fuska ba wasa. "Ki yi haƙuri, Hajiya, ba raini ba ne."

Yaya yana tsaye a bakin zaure yana sosa ƙeya. Ni kuwa na ga Hajiya ta fara tattara mayafinta. Sai ta fasa tashi, ta buɗe wayarta, ta miƙa wa Inna.

"To ki faɗa mini, wannan kifin na wane ne? Don 'yarki ta ce naki ne."

Inna ta karɓi wayar ta nesanta ta da ido, ta matso da ita, ta sake nesantawa. Shi ne karonta na farko da ganin shafin. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan wane irin kifi ne, ba gashin baki, ba hayaƙi a jikinsa?" Ta juyo gare ni. "Ke! Wannan kika nuna wa duniya kika ce ni na yi?"

"Inna, ai ke kika hana a ɗauki naki..."

"Na hana a ɗauki nawa, na ce ki ɗauko na wani? Tun kafin a haife ki nake tsaye a kan hayaƙi, ban taɓa sayar da kifin jiya na ce na yau ba ne. Yau ga baiwar Allah ta taso uwa duniya tana zaton ɓarayi ne mu, kuma tana da gaskiya!"

Ban taɓa ganin ran Inna ya ɓaci haka ba. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "Taso, Hajiya." Ta nufi bayan ɗaki, ta yi bisimilla, ta kama buhun ta fizge shi gaba ɗaya. Hayaƙi ya tashi, ƙamshi ya cika gidan. Ga tarwaɗa nan an lanƙwashe su, jere hawa-hawa, sun yi jawur suna ƙyalli da mai.

Hajiya ta tsaya cak. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Tubarkalla, masha Allah! Allah ya ƙara albarka, Allah ya tsare daga baki." Ashe ta san al'adar sarai. Ta ce su ma a gidansu haka ake, shi ya sa ta san abin da Inna ta yi ba ƙarami ba ne. Ta ɓalli gefen wani kifi da zafinsa ta kai baki, ta lumshe ido. Da muka dawo tabarma, da kanta ta jawo kwanon ruwan nan ta sha.

Amma ba ta sake mini fuska nan take ba. Ta ce ta fasa shelar, sai dai ba za ta tura ko mace ɗaya zuwa shafin ba sai an cire kifin aro. Washegari malamin kwamfuta ya zo da kyamara, yana ta murmushin "ai na faɗa miki". Inna ta kafa sharuɗɗanta. A ɗauki banda, a ɗauki hannunta tana juya kifi, a ɗauki kwalekwale a bakin ruwa, amma ban da fuskarta. A rubuta sunan garinmu. Sannan a can saman shafin, da manyan baƙaƙe, a sa "Tubarkalla masha Allah", yadda duk wanda ya buɗe sai ya karanta, ko ya so ko bai so ba. Malamin ya ce bai taɓa ganin shafin kasuwanci da ya fara haka ba. Inna ta ce to yau ya gani.

Hotunan ba su kai na da sheƙi ba. Ana ganin baƙin tukunya a gefe, har da wata kaza da ta ƙi matsawa. Amma su ne suka kawo mana matan Hajiya, kuma har yau masu saye sukan fara saƙonsu da tubarkalla kafin su tambayi kifi.

Abin da na koya a ranar shi ne, na ɓata lokaci ina zargin duk wanda ya tunkaro mu, ban taɓa tsayawa na duba yadda mu muke a idonsa ba. Mai saye daga nesa shi ma tsoro yake ji, kuma duk abin da ka ɓoye masa da zato zai cike gurbinsa. In kana son wanda bai san ka ba ya yarda da kai, nuna masa abinka yadda yake, da hayaƙinsa da tokarsa.